Rakin Isufu Wanzami

Daga Shekara 'yar marigayi Sarkin Aska, a Matamaye, zuwa ga Yayana Muntaka wanzami, a Birnin Damagaram. Watan Gani, shekara ta 1311 daga hijira.

Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina gaida mutanen gidanka, babba da yaro. Mu nan lafiya lau, gero ya yi kyau bana, har an fara girbi wajen Dungu. Malam Illa ne ke rubuta mini wannan a zaurensa, masu jakunan hatsi za su kawo maka.

Bayan haka, Yaya, maganar autanmu Isufu ce ta sa na nemi takarda. Ɗansa Lawwali ya shiga shekara ta goma, har yau ba a yi masa kaciya ba. Sa'o'insa an yi musu tun sanyin bara waccan, kuma Isufun ne ya yi musu da hannunsa. In an ce masa naka fa, sai ya ce sai baɗi. Baɗin ta zo, ya sake cewa baɗi. Ɗan wanzami, jikan Sarkin Aska, yana yawo haka a gari. Yaron ya daina zuwa wanka tafki don sauran yara sun sa shi gaba da tsiya.

Ka san halin ƙanenka. Tun yana ƙarami ake ce masa mai raki, to yanzu abin ya zama suna. Rakau ake kiransa, yara da manya. In baƙo ya tambayi gidan Isufu wanzami sai an tsaya tunani, in ya ce gidan Rakau, ko akuya sai ta nuna masa. In ya yi wa jariri tsaga, jaririn zai yi shiru shi bai gama share ido ba. Kwanakin baya an kira shi Dungu ya yi wa wani tsoho aski, ya tsaya tsakiyar aski yana hawaye wai ƙeyar tsohon irin ta Baba ce. Da maƙwabcinsa ya sayar da tsohon jakinsa, Isufu ya raka jakin har bakin kasuwa yana jan hanci. Ga shi ba ya kara a kan ɗan fari. A gaban kowa yake kiran sunan yaron, ya zaunar da shi a cinya, su ci tuwo ƙwarya ɗaya. Matarsa Baiwa ce ke jin kunyar da ya kamata su ji su biyu, ita ko sunan yaron ba ta taɓa kamawa ba.

Masu haihuwa sun fara kiran Sallau ɗan Baffanmu, kuma ka san hannun Sallau bai kama ƙafar na Isufu ba. Suna cewa wanda ya kasa yi wa nasa, ina zai iya da na wani. Sana'ar gidanmu ce ke fita ta ƙofa muna kallo.

Na yi masa magana, ya fashe mini da kuka, ya kawo wani zancen jini da ban gane kansa ba. Kai ne ubanmu yanzu. Maganarka kaɗai yake ji.

Allah ya bar zumunci. Wassalam.

*

Daga Muntaka ɗan Sarkin Aska, a Birnin Damagaram, zuwa ga ƙanena Isufu, a Matamaye.

Gaisuwa da aminci. Ina fatan kuna lafiya kai da iyalinka.

Bayan haka, labarinka ya iso ni, kuma bai yi mini daɗi ba. Na ji har suna aka sa maka, kana amsawa. Bari in faɗa maka abin da ake nufi da raki, don na ga kamar ka ɗauke shi sunan wasa.

Raki ba tsoro ba ne. Matsoraci gudu yake yi ya tsira da ransa, magana ta ƙare. Ba kuma tausayi ba ne. Mai tausayi yakan ɗaure zuciyarsa ya cire wa yaro ƙaya, ko da yaron na ihu. Mai raki shi ne wanda ke kuka tun aska tana cikin zabira. Ya ji zafin da bai zo ba, ya ji zafin da ba nasa ba, har ya hana a yi abin da ya kamata a yi. Kalma ce da ake faɗa wa yaro don ya bari, a faɗa wa mai naƙuda don ta daure. Ban taɓa jin an faɗa wa mai gemu ba sai a kanka.

Ni nan aikina bin mayaƙa ne. Na zare kibiya daga cinyar mutum yana taunar goro. Na ɗinke cikin wani yana tambayata ko an ba dokinsa ruwa. Waɗannan ma uwa ce ta haife su, suna jin zafi kamar kowa. Baba ya yi mini kaciya, ya yi maka, bai aika a kira wani ba, kuma ba don ba ya son mu ba ne.

Kana ganin kana jin tausayin yaron nan, alhali kai ne ke cutarsa. Zafin aska na ɗan lokaci ne. Gorin da ake yi masa zai bi shi har ya yi furfura.

Da sanyi ya shigo ka yi masa. Ina so takarda ta gaba da za ta zo mini daga Matamaye ta ce an yi, an warke.

Haza wassalam.

*

Daga ƙanenka Isufu zuwa ga Yaya Muntaka.

Gaisuwa irin ta ƙane da wansa, da ladabi da biyayya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a inda kake shiga. Da hannuna nake rubuta wannan, ka yi haƙuri da rubutun, ka san ban yi nisa a allo ba.

Yaya, na karanta takardarka, na sake karantawa. Duk abin da aka faɗa maka a kaina gaskiya ne. Na yi kuka a kan tsohon Dungu, na yi a kan jakin. Ban san yadda ake hana shi ba. Abin yakan taso mini daga ƙirji kafin in ankara, kamar atishawa. Sunan ma ba ya ɓata mini rai, na saba.

Amma zancen Lawwali daban ne, ina roƙonka ka saurare ni har ƙarshe.

Jinin yaron nan ba ya tsayawa. Ranar sunansa ni na yi masa tsagar gidanmu, ƙanana kamar yadda Baba ke yi. Na kowane jariri yakan bushe kafin a gama rabon nama. Nasa har aka watse yana jiƙa zani, washegari ma yana tsattsafowa. Da haƙorinsa na fari ya faɗi, ya wuni yana tofar da jini har ya kasa miƙewa. Daminar bara lauje ya ɗan shafe shi a yatsa, yankan da ni ko kallonsa ba zan yi ba a jikin wani, sai da na ɗaure hannun na rataye shi sama, na yi ta canja tsumma. In ya faɗi, gwiwarsa takan kumbura kamar ƙwarya, ya yi kwanaki yana jan ƙafa. Na yi wa yaran garin nan aiki ba iyaka, ban ga mai irin jikinsa ba.

Akwai kuma abin da surukata ta faɗa mini a Tsauni. Baiwa tana da wa mai suna Ummaru. Wurin kaciya ya rasu, jini ne ya ƙare masa. Tsohuwar ta ce shi ma haka yake kumburin gwiwa.

Ban san sunan wannan abu ba, ba ni da wata hujja sai abin da idona ya gani. Na je wurin Malam Illa na tambaye shi ko addini ya yarda a jinkirta. Ya ce in ana tsoron rai da gaske, ana iya jinkirtawa. Sai ya yi murmushi ya ce amma tsorona ne bai san da wane mudu zai auna shi ba. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya yi kuka a kan jaki, ran da ya yi a kan ɗansa, ɗaya za a ɗauke su.

Ka ce mai raki yana jin zafin da bai zo ba. Haka ne. To in zafin yana tafe da gaske fa, Yaya, shi ma raki ne sunansa?

Abu guda nake roƙo. Ka zo ka ga yaron da idonka, ka fi ni sanin jini. In ka duba shi ka ce a yi, zan yi. In ba za ka samu zuwa ba, ka bar mini shi ya ƙara girma, ko jikin zai yi ƙwari. Gorin ni zan ɗauka, na saba da shi.

Lawwali yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ko da gaske ne akwai bindiga a Damagaram da sai an ja ta da shanu.

Allah ya sada mu da alheri. Ƙanenka, Isufu.

*

Daga Muntaka zuwa ga Isufu.

Gaisuwa. Takardarka ta zo.

Ba zan samu zuwa ba, ana shirin fita yaƙi, kuma ba a ba ni izini ba. Abin da ka lissafa na duba shi. Kowane yaro yana zubar da jini in haƙori ya faɗi, kowane yaro yana kumbura in ya faɗi ƙasa. Uban da ya ƙura wa ɗansa ido zai ga abin da babu. Zancen Ummaru kuwa, na san wanzamin da ke aiki a Tsauni a wancan zamani. Baba ya sha cewa mahauci ne da zabira. Ba shi kaɗai ya mutu a hannunsa ba.

Ga ƙullin magani nan na ba mai kawo takarda. Garin bagaruwa ne da wasu itatuwa da na samo wurin Barebari. Da shi nake tsayar da jinin mashi. Abin da ya tsayar da na mashi ba zai kasa na aska ba.

Na aika wa Sallau. In watan azumin tsofaffi ya kama ba ka yi ba, shi zai yi, da umarnina. Ba don in wulaƙanta ka ba ne. Wata rana kai da yaron za ku gode mini.

Ka ce wa Lawwali bindigar gaskiya ce, in ya warke zan sa a kawo shi ya gani.

Wassalam.

*

Daga Shekara zuwa ga Yaya Muntaka. Watan azumin tsofaffi.

Gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, Lawwali ya rasu. Malam Illa ya ce in tsaya nan ya isa, amma ni ina so ka ji yadda aka yi, don ina wurin.

Da wata ya kama, Sallau ya zo gidan da zabirarsa, ya ce ga saƙon da ka aiko masa. Isufu ya ce ya ba shi zuwa Juma'a. Yaron yana bayan danga, ya ji komai. Da Sallau ya fita sai ya shigo ya tsaya gaban uban.

Ya ce, "Baba, in ba za ka yi mini ba, ni zan je wurin Baffa Sallau da ƙafata."

Isufu ya ce, "Zauna, Lawwali."

Ya ce, "Ba zan zauna ba. Ɗan Rakau suke ce mini. Sun ce ni ne nake roƙonka kada a yi, wai na gado raki. Ni ban taɓa roƙonka ba."

Na zaci Isufu zai fashe da kuka yadda ya saba. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Yaya Shekara, hannun Sallau yana da nauyi. In dai sai an yi, gara ni."

Na ce masa ai shi ke nan, abin da ake ta faɗa masa ke nan. Har daɗi na ji.

Da safe aka yi, a bayan gida, gindin kuka. Sallau ne ya riƙe yaron. Maza sun taru fiye da yadda ake taruwa, na san kallon Isufu suka zo yi. Bai ba su abin kallo ba. Ya yi bisimilla, ya yi aikin kafin a ƙifta ido, idonsa a bushe. Sallau da kansa ya ce bai taɓa ganin hannu irin wannan ba. Yaron bai ko motsa ba. Da aka kawo shi ɗaki na kai masa kunu, ya ce mini, "Gwaggo, kin ga ban yi raki ba ko? Ki faɗa musu." Na ce zan faɗa musu. Muka yi guɗa, aka yanka kaza.

Kafin azahar tsumman ya jiƙe. Isufu ya zuba maganinka ya sake ɗaurewa. Jinin ya tsaya kaɗan, ya dawo. Aka sa toka, aka sa sauran maganin duka, Malam Illa ya yi rubutu aka ba shi ya sha. Sallau ya ce a sa ƙarfe a wuta, aka sa. Nan ne kawai yaron ya yi ƙara, sau ɗaya. Jinin bai fasa ba. Ba da ƙarfi yake zuwa ba, Yaya, a hankali yake zuwa kamar randa mai tsaga.

Washegari leɓɓansa suka yi fari. Ba ya cewa komai sai ruwa, ruwa. Isufu ya ɗauke shi ya rungume a cinya, hannu ɗaya yana danne da wurin, bai ci ba, bai sha ba, salla ma a zaune ya yi. Wajen la'asar yaron ya ce, "Baba, sanyi nake ji." Uban ya cire rigarsa ya lulluɓe shi. Yaron bai sake magana ba.

Baiwa, wadda ba ta taɓa kama sunan ɗanta ba tun da ta haife shi, ta fito tsakar gida tana kiran Lawwali, Lawwali, har maƙwabta suka shigo suka riƙe ta. Isufu kuwa ya kwantar da shi, ya je ya wanke askarsa ya goge ya mayar zabira. Shi ya yi masa wanka, shi ya ɗauke shi zuwa kushewa. Ko ɗigon hawaye ban gani ba. Masu gaisuwa na zuwa yana cewa, "Haƙuri ya zama dole, mun gode."

Malam Illa ya ce in ce ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ce.

Wassalam. Ƙanwarka, Shekara.

*

Daga Muntaka zuwa ga ƙanena Isufu.

Gaisuwa da ta'aziyya. Allah ya jiƙan Lawwali, ya sa mai ceto ne, ya ba ka haƙuri kai da Baiwa.

Muna dawowa daga fita na tarar da takardar Shekara ta daɗe tana jirana. An karanta mini, na sa aka sake karantawa. Maganin nan bai taɓa ba ni kunya ba, Isufu. Ban san abin da ya faru ba. Ka ce in zo in gani ban zo ba. Da na zo ma ban san abin da zan ce ba, amma da na zo.

Ka taso ka zo Damagaram ka zauna wurina, ko zuwa damina. Akwai ɗaki, ba sai ka yi aiki ba. Shekara ta ce ba ka yi kuka ba. In ya zo maka ka yi, a gaban kowa ma. Duk wanda ya ce maka wani abu ka ce ni na ce.

Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Wanka, Muntaka.

*

Daga Shekara zuwa ga Yaya Muntaka. Bayan ƙaramar salla.

Gaisuwa da barka da shan ruwa. Ka aiko kana tambaya ko takardarka ta isa hannun Isufu. Ta isa tun kafin azumi. A gabana ya karanta, ya ninke, ya tambaye ni ko na ga inda ya ajiye dutsen wasa aska.

Ban san yadda zan kwatanta maka shi ba. Lafiyarsa lau. In an ba shi abinci ya ci, in ba a ba shi ba bai tambaya. Yana salla a sahun gaba. Aiki kuwa ya dawo masa har ya yi yawa, daga Tsauni, daga Dungu, har daga Kance ana aiko masa. Ya yi wa jariri tsaga, jariri na tsala ihu, shi yana kallon bango. Dattawa sun fara zancen a naɗa shi Sarkin Aska, tunda kujerar Baba tana nan ba kowa.

Ba mai ce masa Rakau yanzu. Ba wanda ya hana, sunan ne kawai ya faɗi. Kowa yabonsa yake yi, wai ba a taɓa ganin tawakkali irin nasa ba. Jiya a bakin rijiya na ji wata tana yi wa ɗanta faɗa don ya yi tuntuɓe yana kuka. Ta ce, "Bar raki, ba ka ga Isufu wanzami ba? Ɗansa ya mutu a cinyarsa ko uffan bai ce ba." Na ajiye tulun na dawo gida ba ruwa.

Baiwa ta koma Tsauni wurin uwarta. Ba faɗa suka yi ba. Ta ce mini ba za ta iya kwana gida ɗaya da mutumin da ba ta sani ba. Ya ɗauki kayanta ya raka ta har bayan gari, ya ce ta gaida mutan gida, ya juyo.

Na gwada, Yaya. Na ɗauko 'yar rigar da aka ɗinka wa yaron don ranar fitowarsa daga ɗakin kaciya, na ajiye masa a cinya, ko zai fashe da kuka ya huta. Ya ɗaga ta ya duba ɗinkin, ya ce rigar tana da kyau, a ba ɗan Sallau, za ta yi masa daidai. Ni ce na yi kukan. Ya jira na gama, ya ce in yi haƙuri.

Shekara da shekaru ina jin kunyar hawayen ƙanena. Yau da zan gan su, da na yi sadaka da duk abin da na mallaka. In kana da hali ka zo. Ban ce zuwanka zai yi wani amfani ba.

Wassalam.

*

Daga Isufu zuwa ga Yaya Muntaka.

Gaisuwa da ladabi. Na ga takardarka, na gode da ta'aziyya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Ba zan samu zuwa ba, aiki ya yi yawa. Jibi akwai suna a gidan liman, ni zan yi aski.

Abin da ka ba ni izini in yi, na nema ban samu ba. Kada ka damu da ni. Kowa a Matamaye ya ce na warke.

Wassalam. Isufu.